Gwajin Lafiyar Matashi Kafin Ya Kama Aiki: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 16 ya samu gurbin koyon aiki a wata masana'anta, amma an ce sai ya kawo takardar likita. Yaron nan ko zazzaɓi bai cika yi ba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Mama, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ki kai shi. Abin da likita zai duba shi ne ko jikinsa zai iya ɗaukar wannan aikin da aka ba shi, ba wai ko yana kwance ba. A 1946, a birnin Montreal na Kanada, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyoyi biyu: mai lamba 77 kan masana'antu, da mai lamba 78 kan sauran ayyuka, har da talla a kan titi. Dukansu sun ce kada a ɗauki wanda bai kai 18 ba sai ƙwararren likita ya duba shi sosai, kuma a riƙa maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara har ya cika 18.

Akwai dalili. Ƙashin ɗan shekara 16 bai gama ƙwari ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai sashe mai taushi inda tsawo ke fitowa, kuma nan ne kaya mai nauyi ke yi wa illa. Na taɓa duba wani yaro ƙaƙƙarfa da zai koyi aikin wayar lantarki. Na buɗe masa littafin nan mai ɗige-ɗige masu launi, na ce ya karanta lambar da ke ciki. Ya ƙura ido, ya karkata kai, ya ce shi bai ga lamba ba. Ashe ba ya bambance ja da kore, kuma shi kansa bai sani ba. Ki ɗauka an miƙa masa wayoyi masu launi a ce ya haɗa.

Tambaya: Shekarata 19, ina aiki a ramin haƙar ma'adinai. Na ɗauka na wuce wannan gwajin, sai aka ce har hoton ƙirji za a yi mini.

Amsa: Ba ka wuce ba, ɗana. Yarjejeniya mai lamba 124 ta 1965 ta tanadi gwaji ga masu aiki a ƙarƙashin ƙasa har su kai 21, duk shekara, tare da hoton huhu a gwajin farko. Ƙurar dutse mai laushi, wadda ido ma ba ya gani, tana shiga can cikin huhu ta bar tabo, kuma tabon ba ya warkewa. Mutum zai yi shekaru yana jin garau kafin numfashi ya fara yi masa wuya. Hoton farko shi ne ma'aunin da za a gwada na gaba da shi, don haka ka nemi kwafinsa ka adana.

Tambaya: Wa zai biya kuɗin gwajin? Kuma za su iya tilasta mini gwajin cutar ƙanjamau?

Amsa: Yarjejeniyoyin sun ce kada a ɗora wa matashi ko iyayensa ko sisi. Sai dai suna aiki ne a ƙasar da ta rattaba musu hannu ta sa su a dokarta, saboda haka ka duba dokar ƙwadagon inda kake. Batun ƙanjamau kuwa, shawarar ƙungiyar mai lamba 200 ta 2010 ta ce kada a maida gwajin sharaɗin ɗaukar aiki. A ganina, abin da ya kamata mai gida ya sani bai wuce ko za ka iya aikin ba; sauran sirri ne tsakaninka da likita.

Tambaya: 'Yata tana da asma, likita ya hana ta aiki a sashen fenti. Tun ranar take kuka, wai ta faɗi gwaji.

Amsa: Ki lallashe ta, ba jarrabawa ba ce. Tururin wasu nau'o'in fenti yana tayar da asma, har yakan haddasa ta ga wanda bai da ita tun farko. Likita yana da damar rubuta takarda da sharaɗi, ko ya amince da wani aiki takamaimai, kuma yarjejeniya ta 77 ta buƙaci hukuma ta taimaka wa irin waɗannan matasa da shawarar sana'ar da ta dace da su. Ku koma wurin likitan da abin shaƙarta da takardun asibiti, ku roƙe shi ya rubuta sassan da za ta iya aiki a cikinsu, sannan ku kai wa masu kamfanin.