Ni ma nan na faɗa, Hajiya

Hajiya, da na karanta cewa likita ya ba ki zaɓi tsakanin ƙusar dashen haƙori mai araha da mai tsada wadda aka gyara wa jiki, ga kuma ciwon suga, wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ni kabu-kabu ya kayar da ni wajen Tsohuwar Kasuwa, haƙorin gaba na sama ya fita. Wanda ya fara dasa min, a wani asibitin kuɗi, ko hoton ƙashi bai ɗauka ba, balle ya tambayi sugana. Sati biyar ya ɗora haƙori a kai, wai ta kama. Ranar walimar ƙanwata ina cikin mata ina cin nama, na ji abu ya motsa. Na kai harshe, yana girgiza kamar na yaro mai famfara. Baki duk jini. Na toshe da mayafi na shige ƙuryar ɗaki ina kuka, amarya na ta aike a nemo ni a ɗauki hoto. Da na koma masa cewa ya yi gangancina ne. Ko sannu! Awarwarona na sayar na biya shi fa. Har yau in na bi ta layin nan zuciyata tafasa take yi. Allah ya isa.

Likita ta biyu ce ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ƙusar titaniyam ce, ƙashi ke girma ya manne mata. Lokacin da wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ya fara dasa wa mutum a 1965, masu santsi ake yi, a jira wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama don ƙashinsa ya fi taushi. Yanzu ana feshe jikinta da ƙwayoyi kamar yashi, a ƙara da asid, ta yi kaushi, yadda magini ke karce bango kafin shafe. Gudan jini ya samu wurin riƙewa, ƙwayoyin ƙashi su biyo. Ga mai lafiya takan kama cikin sati 6 zuwa 8.

Mu masu suga raunimmu baya saurin warkewa, ko wace ƙusa aka sa. Don Allah a yi miki gwajin HbA1c tukuna, wato gwajin jini mai nuna yadda suganki yake a 'yan watannin baya. Da ni ce, mai kaushin da aka gyara wa jiki zan ɗauka, amma kar ki yarda a gaggauta ɗora haƙorin. A rubuta miki sunan kamfanin ƙusar a kati, ni ta farkon har yau ban san ta ina ba ce. Kaushin ma in dasashi ya janye datti ya fi maƙale masa, ƙashi ya fara zaizayewa, sai kin dage da wanke baki. Ki haƙura da goro da kilishi, kunu da nono sun ishe ki kwanakin farko.

Kuma ki tafi da wani ranar dashen. Ni kaɗai na je, cikin zafin Afrilu, na dawo a Keke Napep leɓe a kumbure, ko kwatancen gida na kasa yi wa direban.