Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɓarayi Sun Addabi Birnina a Cities: Skylines

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina komisariya (ofishin 'yan sanda) har huɗu a wasan kwamfuta na gina birni, Cities: Skylines na farko, wanda ya fito a 2015, amma alamar sata ta ƙi barin kan gidaje, har mutane sun fara tashi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dakata da gina ta biyar, ka fara duba hanyoyinka. A wannan wasa laifi ba ya sauka sai motar 'yan sanda ta isa ginin da kanta. Buɗe taswirar laifuka: titin da ya yi kore shi ne komisariya ke iya kaiwa, kuma kwamfuta na auna nisan ta bin titi ne, ba a miƙe ba. Titi mai hannu ɗaya da aka juya ba daidai ba kan sa mota zagaye rabin gari kafin ta kai gidan da ke bayan katangar komisariyar. Danna mota guda ka bi ta. In ta maƙale a bayan manyan motocin masana'antu, kamar mai shiga babbar kasuwa da hantsi, to cunkoso ne ciwonka. Ware wa manyan motocin hanyarsu, ko ka hana su shiga unguwar.

Sai ka danna komisariyar kanta. Ƙarama motoci 10 gare ta, hedikwata 25. In duk sun fita, ɗaga kasafin 'yan sanda, musamman na dare, don bayan faɗuwar rana sata ta fi yawa. Kasafin yana kaiwa kashi 150, sai dai abin da ya haura 100 ba ya biyan kuɗinsa sosai. In kuma ɗakin tsare mutane ne ya cika, kamu ya tsaya ke nan. Maganinsa gidan yari, wanda ke cikin After Dark, wani ƙari da ake haɗa wa wasan.

Tushen matsalar dai zaman kashe wando ne da ƙarancin ilimi. Duba yawan marasa aiki, ka ware filin shaguna, ofisoshi ko masana'antu, ka kai firamare da sakandare unguwar.

Tambaya: Na gina makarantun, shiru kake ji. Daga wata mai karatu a Njamena.

Amsa: Haƙuri, Malama. Sai yaran sun gama karatu sun girma kafin ki ga bambanci. Ƙara saurin wasan, ki kuma tabbatar makarantun ba su cika maƙil ba.