Me ya sa siminti ke tsada alhali a gida ake yin sa?

Malam, ka tambaya dalilin da buhun siminti ya ƙi sauka alhali dutsen da ake yin sa da shi a ƙasarmu yake, ko dillalai ne ke ɓoye kaya.

Ba daga dillalin bakin titi abin ya faro ba. A 2002, zamanin Obasanjo, gwamnati ta ce ba mai samun lasisin shigo da siminti sai wanda zai kafa masana'anta a gida. Dabarar ta yi aiki, an daina dogaro da na waje. Amma wa ke da jarin gina irin masana'antar Obajana a Kogi? Sai masu hannu da shuni, waɗanda gwamnati ke jin maganarsu. Yau Dangote, BUA da Lafarge ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, Dangote kaɗai ya haura rabi. Inda masu sayarwa uku ne, an kuma tsuke ƙofar waje, ba mai gaggawar rage farashi. Tsadar gas da dizal da faɗuwar naira ma gaskiya ne, ban musa ba.

Kada tsoron ƙarin kuɗi ya sa ka tara buhuna. Ni na yi haka wata damina, na jera su a kan daɓe ba katako, na ƙasan duk suka daskare kamar dutse. Kada kuma ka bar mai buga bulo ya cika yashi don buhu ya yi auki.

Lissafin ginshiƙai da dekin kuwa, kai wa injiniya. Ƙorafin farashi na FCCPC ne, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwa da kare haƙƙin masu saye.