Gwajin ruwa kafin a ce magnetaron ta mutu

"Maigida, maikurowef ɗin nan da aka kawo daga Samaru, fitila na kamawa, faranti na juyawa, amma mai ita ta ce abinci ba ya ɗumi da wuri. Yaya zan gane ƙarfin da take fitarwa? Kuma in na tsaya gabanta ina gwaji, ba ta shiga jikina?"

To yaro, mitarka ba ta karanta igiyar da maikurowef ke dafa abinci da ita. Tana kaɗawa a megahaz 2,450, don haka zafin da ta bari a ruwa shi muke aunawa.

Zuba ruwa lita ɗaya cif a kwanon gilashi ko roba marar kauri. Ɗebo na randa. Na tanki da ya sha ranar bazara ya riga ya yi zafi, zai riƙa zubar da zafin yana rage maka lissafi. Gauraya, auna da ma'aunin zafi, rubuta. Cire ma'aunin, ajiye kwanon a tsakiya, murɗa zuwa ƙarfi na ƙarshe, domin a ƙananan matakai magnetaron, wato bututun da ke samar da igiyar, tana kamawa ne tana saki. Kunna daƙiƙa 63, ukun nan na ɗumamar filamen ɗin magnetaron ne. Fito da shi, gauraya sosai tunda sama ya kan fi ƙasa zafi, sake aunawa. Digirin da ya ƙaru ka ninka da 70. Idan daga 22 ya koma 32, wat 700 ke nan. Saba'in ɗin ba daga ka aka ƙirƙiro ta ba: ɗaga lita ɗaya digiri ɗaya na cin jul 4,187, ka raba da daƙiƙa 60, tunda wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa.

Kwatanta da wat ɗin fitarwa da ke rubuce a bayanta. Yara da yawa na kallon babbar lambar, wato abin da take sha daga soket, sai su ce na'ura ta lalace.

In ya gaza sosai, fara da soket. An ƙera ta ne don volt 230, wutar unguwanninmu kuwa ta kan faɗi ƙasa da 200 da yamma, ƙarfin kuma ya faɗi tare da ita. Wuta ta cika amma ruwa bai motsa ba? Duba dayod, kafasita, fis ɗin babbar wuta, sannan magnetaron. Kafin hannunka ya shiga ciki, cire fulogi ka sauke cajin kafasita. Wajen volt 4,000 ke yawo a wurin, kuma shi ne abin da ke kisa a aikin nan.

Jikinka mafi yawansa ruwa ne mai gishiri, yana shan igiyar kamar nama, santimita ɗaya zuwa biyu daga sama. Ido ya fi haɗari don ƙwayarsa ba ta da jinin da zai kwashe zafi. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda yoyo ya wuce miliwat 5 a kowane murabba'in santimita ba, a tazarar santimita 5. Da mitar yoyo ake dubawa, da kofin ruwa a ciki, kana bin gefen ƙofa a hankali. Ƙofar da ta lanƙwashe, ko maiƙo ya daskare a bakinta, nan ake samun matsala. Kada ka taɓa haɗe makunnin ƙofa don ka gwada a buɗe.

Masu sa waya a ciki su kira ta, wai in ta yi ƙara akwai yoyo, ɓata lokaci suke. Tarkon ƙofar, wato ramin gefenta da ke tare igiya, an yanka shi ne daidai megahaz 2,450, kiran waya kuma na iya zuwa a 900 ko 1,800.

Ita wayar ma haka ake auna ta a ɗakin gwaji. Ana cika kan mutum na roba da ruwan da aka haɗa ya yi halin nama, a manna waya a kunnensa tana aiki da cikakken ƙarfi, wani siririn sanda mai auna igiya yana zagayawa a ciki. Sakamakon shi ne SAR, wato ƙarfin igiyar da nama ke sha, wat a kowane kilo. Iyakar Turai 2 ce a giram 10 na nama, ta Amurka 1.6 a giram 1. Danna *#07#, wayoyi da yawa za su nuna maka tasu.

Jeka ɗebo ruwan, ka auna soket tukuna.