Hatimin "65" a zoben Gicciyen Ƙarfe: me yake tabbatarwa?

Tambaya: Malam, na sayi lambar yabon sojan Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ake kira Gicciyen Ƙarfe, aji na biyu, a kasuwar tsofaffin kaya. A gabanta an rubuta 1939, a bayanta 1813, a kan zoben rataya kuma an buga "65". Mai sayarwa ya ce a 1939 aka ƙera ta, kuma hatimin ya isa shaida cewa ba jabu ba ce. Yana da wata ta aji na ɗaya mai hatimin "L/58" da yake so in saya. Shin maganarsa haka take?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma zan fara da shekarun biyu domin su ne suka fi ruɗar sabon shiga. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna lokacin ƙira. Shekarar 1813 ita ce shekarar da Sarkin Furusiya (tsohuwar masarauta a ƙasar Jamus) Friedrich Wilhelm na Uku ya kafa wannan lambar yabo, 1939 kuwa ita ce shekarar da Hitler ya sake farfaɗo da ita, ranar 1 ga Satumba, wato ranar da Jamus ta shiga Poland da yaƙi. Duk gicciyen da aka ƙera tun daga ranar har zuwa 1945 waɗannan shekaru yake ɗauke da su, saboda haka a wannan gaɓa mai sayarwa ya yi kuskure.

Hatiman maƙera iri biyu ne, kuma sai an rarrabe su kafin a yi maganar lokaci. Na farko adadi ne zalla, babu harafi, wanda ofishin shugaban ƙasa, wato Präsidialkanzlei, da ke ƙarƙashin Otto Meissner ya raba wa kamfanonin da ke yi wa gwamnati aikin lambobin da za a bai wa soja a hukumance. A wannan jeri, 1 na Deschler & Sohn ne na Munik, 2 na C. E. Juncker na Barlin, 4 na Steinhauer & Lück na Lüdenscheid, 20 na C. F. Zimmermann na Pforzheim, 65 kuwa, wato naka, na Klein & Quenzer ne na Idar-Oberstein. Na biyu shi ne wanda ke farawa da harafin L, kuma ya samo asali ne daga ƙungiyar maƙeran lambobin yabo da ake taƙaita sunanta da LDO, wadda ƙa'idojinta suka fara aiki a 1941. Wannan na kayan kanti ne, waɗanda sojan da aka riga aka karrama zai saya da kuɗinsa idan tasa ta ɓata ko yana son ta biyu. Kamfani ɗaya yakan mallaki duka biyun: Juncker shi ne 2 kuma shi ne L/12, Steinhauer & Lück shi ne 4 kuma shi ne L/16.

Daga nan ake samun lokaci, amma ta gefe ɗaya kawai. Gicciye mai harafin L ba zai riga 1941 ba, su kuma adadin Präsidialkanzlei ba su bazu a kan zobba ba sai da yaƙin ya yi nisa, don haka naka, idan na asali ne, ya fi kusa da tsakiya ko ƙarshen yaƙi fiye da farkonsa. Hatimi yana gaya maka lokacin da abu ba zai riga ba, amma ba ya gaya maka lokacin da aka daina buga shi. Haka kuma rashin hatimi ba aibi ba ne, domin gicciye masu ɗimbin yawa na asali, musamman na farkon yaƙi, babu komai a zobensu.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, a duk jikin lambar yabo babu abin da ya kai hatimi sauƙin ƙirƙira. Ɗan ƙarfe mai adadi a bakinsa da guduma sun wadatar. Na taɓa riƙe wani gicciye na asali wanda wani ya buga wa adadi daga baya domin ya ƙara masa kuɗi, kuma da na sa gilashin ƙara girma sai na ga cikin adadin yana walƙiya kamar yau aka yanka shi, alhali sauran zoben ya dushe da tsufa, gefensa kuma ya ɗan lotse inda guduma ta sauka. Abin ya ɓata mini rai, domin an lalata kayan tarihi mai kyau saboda kwaɗayin ƴan kuɗi. Hatimi da'awa ce kawai, jikin gicciyen ne zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta.

Ga yadda za ka bincika jikin. Gicciyen asali sassa uku ne: tsakiya ta baƙin ƙarfe, da gewaye biyu, gaba da baya, na wani farin ƙarfe da Jamusawa ke kira Neusilber, waɗanda aka liƙe da wuta suka rungume tsakiyar. Ka kusanto da maganaɗisu, ya kamata tsakiyar ta kama shi. Akwai ƴan ƙalilan na asali masu tsakiyar tagulla ko tutiya, amma wanda bai goge ba gara ya ɗauki rashin kamawa a matsayin gargaɗi. Ka duba kaifin gefe, za ka ga siririn layi inda gewayen biyu suka haɗu. Ka duba inda baƙin fenti ya haɗu da gewaye: tun da an fenta tsakiyar ne kafin a haɗa, fentin ba ya hawa kan gewayen, kuma sau da yawa bakin siririyar takarda yakan ɗan shiga tsakaninsu. Jabu da yawa zubi ɗaya ne, za ka ga ƙananan ramuka kamar na cin zago, tsage-tsagen gewaye sun dakushe, faɗinsa kuma yakan gaza milimita 44 da aka saba, saboda ƙarfen zubi yana ɗan tsukewa idan ya huce.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi wahala, kuma shi ne ainihin aikin masana. Kowane kamfani da irin ƙarfen bugunsa, wanda ke barin alamominsa a kan duk abin da ya buga: siffar adadin 3 da 9 a cikin 1939, tsayin swastika, wato alamar Nazi da ke tsakiyar gicciyen, yadda tsage-tsagen suka haɗu a kusurwoyin ciki, har da ƴan tabon da ke bayyana idan ƙarfen bugun ya fara tsagewa. Sai ka nemi hotuna masu kyau na gicciyen Klein & Quenzer da aka tabbatar, ka jera da naka kusurwa bayan kusurwa. Idan zobe ya ce 65 amma gewaye na wani kamfani ne, to akwai magana. Ƙyallen rataya mai ja a tsakiya da fari da baƙi a gefe shi ma ana haska shi da fitilar ultrabayolet, domin farin zaren bayan yaƙi yakan yi ƙyalli, sai dai wanki da sabulun gari ma yana jawo hakan, kuma ƙyalle abu ne da ake musanyawa, saboda haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Idan kuwa ka ga hatimin RZM a kan lambar yabon soja, ka ajiye ta, domin wannan na kayan jam'iyyar Nazi ne.

Game da L/58, ina ba ka shawarar ka dakata. Hatimin na kamfanin Rudolf Souval ne na Viyana, wanda ya yi aiki lokacin yaƙi, amma sanannen abu ne tsakanin masu tara irin waɗannan kaya cewa an ci gaba da fitar da kaya masu wannan hatimi bayan 1945. Ana rarrabe na yaƙi da na baya ta hanyar allurar da ake maƙala ta aji na ɗaya a riga da ita, da ƙugiyarta, da siffar tsakiyar, kuma wannan aiki ne na wanda ya riƙe da yawa a hannunsa. Kada kuma ka rikita waɗannan da sigar 1957, wadda dokar Jamus ta Yamma ta wannan shekarar ta halatta wa tsofaffin sojoji, inda aka cire swastika aka sa ganyen itacen oak a madadinta.

Kada ka goge gicciyenka da man goge ƙarfe, kada kuma ka sake masa fenti, domin dushewar da tsatsar suna cikin shaidun da mai bincike ke karantawa. Idan a Jamus kake ko za ka bi ta can da shi, ka sani sashe na 86a na dokar laifuffukansu ya hana nuna swastika a bainar jama'a, ban da don ilimi da bincike da makamantansu, kuma manufar dokar ita ce hana farfaɗo da aƙidar gwamnatin da ta raba waɗannan lambobi, wadda ta hallaka miliyoyin rayuka. Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe da zoben a hasken rana, ka auna faɗin, sannan ka kai wa wanda ya san ƙirar Klein & Quenzer ya duba maka kafin ka sake ba mai sayarwar nan ko sisi.