Amsar tambayarka kan makullin saba

Ɗana, jiya da muke saita sabar nan, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, na ce ka yi makullin RSA, makullin lissafi da ake kulle bayanai da shi, mai bit 2048 (bit ma'aunin tsawon lambarsa ne), sai ka ce, "Maigida, ai lambar a fili take, kowa na iya ganinta. Me zai hana ɓarawo ya farfasa ta ya fito da makullin sirrin?" Kwastoma na tsaye a kanmu, shi ya sa na ce ka bari sai yau.

Ɗauki biro. 89 sau 97 nawa ne? 8,633, ka gama kafin shayinka ya huce. To a ce ni na miƙo maka 8,633 na ce gaya mini lambobi biyun da suka haife ta. Sai ka fara raba ta da 2, da 3, da 5, da 7, kana bin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, ba za ka dace ba sai a gwaji na 24. Dama fura da nono ba wuya, a ce ka ware su bayan an dama ne aiki. Makullinmu haka yake: kwamfuta ta zaɓi irin waɗannan lambobi guda biyu manya, ta ninka su, ta ba duniya sakamakon, ta ɓoye iyayen. Daga iyayen ake fitar da makullin sirri.

Akwai labarin da nake so. A 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya ce in ka ninka 2 da kanta sau 67 ka cire ɗaya, lambar da za ta fito ba ta rabuwa. Lambar ita ce 147,573,952,589,676,412,927. A 1876 Édouard Lucas ya nuna tana rabuwa, amma bai iya faɗin da me ba. Sai a 1903, a taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo, bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da alli, amsa ta zo daidai, ya koma ya zauna. Daga baya ya ce ranakun Lahadi na shekara uku aikin ya ci masa. Lamba mai gurbi 21 ke nan fa, wadda tsohuwar kwamfutar shagonmu za ta farfasa kafin ka ƙifta ido.

Shi ya sa ake ta ƙara girma. Lambar RSA mai gurbi 129 da aka buga a matsayin ƙalubale a 1977 ta faɗi a 1994. Mai bit 512 ta faɗi a 1999, mai gurbi 250 kuma a 2020. Tamu mai bit 2048 gurbi 617 gare ta, kuma ba wanda ya taɓa nuna ya farfasa irinta.

Abin da ke hana ni barci ba girman ba ne. A 2012 masu bincike sun tattara makullai miliyoyi daga intanet, suka tarar dubbai sun yi tarayya da juna a uba ɗaya, galibi na ƙananan na'urori irin su rawuta mai raba intanet, masu yin makulli da zarar an kunna su, tun ba su tara abin zaɓen lamba a kan gaibu ba. In makullai biyu suka haɗa uba, tsohuwar dabarar Euclid ta neman babbar lambar da ke raba lambobi biyu tana fito da shi nan take, duka biyun sun buɗe.

Ka ga sakaci ne ke buɗe makulli. Don haka makullin sirrin da ka yi jiya, wanda na ga ka tura wa kanka ta WhatsApp don kada ya ɓata, share shi, tunda ya riga ya fita daga hannunmu. Gobe da safe ka yi sabo a kan sabar kanta, ka kulle fayil ɗin yadda ba mai karanta shi sai mai sabar, sannan ka kira ni in duba.