Me Masu Tara Takubban Japan Ke Yi Idan Sun Taru?

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo daga Japan. An jera takubba tsirara a kan dogon tebur, mutane sun yi layi, kowa ya zo sai ya rusuna, ya ɗauki takobi ya yi ta dubawa ba ya cewa uffan, daga nan ya rubuta wani abu a 'yar takarda ya miƙa wa wani dattijo. Gwanjo ne, ko ibada, ko makarantar koyon faɗa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, babu ko ɗaya a cikin ukun nan. Abin da ka gani zama ne da Japanawa ke kira kantei-kai, inda masu son takobi ke haɗuwa su gwada idonsu. Yawanci takubba biyar ake ajiyewa. Maƙerin Japan yana sassaƙa sunansa ne a wutsiyar takobi, wato ɓangaren da ke shigewa cikin ƙota, to a wannan zama sai a rufe wurin ruf. Aikinka ka dubi ƙarfen kaɗai ka faɗi wanda ya ƙera shi, ko da ya shekara 700 da mutuwa.

Dattijon da ka gani shi ne alƙali, kuma amsoshinsa ne daɗin abin. Ba "ka ci" ko "ka faɗi" kawai yake cewa ba. In ka dace da sunan, zai rubuta maka atari. In ka ambaci uban maƙerin, ko ɗansa, ko almajirinsa, sai ya ce dozen, ka shiga gidan ke nan. Akwai amsar da ke nufin ka gane lardin amma ba ka gane mutumin ba, da wadda ke nufin kana kan hanya, domin tsohuwar Japan a kan manyan hanyoyi aka kasa lardunanta. In ka kai takobin wani zamani daban sai ya ce jidai chigai. In kuwa ka yi nisa gaba ɗaya, iya. A zama da yawa sau uku ake ba mutum dama, ya karɓi takardarsa, ya koma layi, ya sake duba takobin da sabon ido. A ƙarshe a buɗe wutsiyoyin kowa ya gani, alƙali ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayani, a ba mutum uku na gaba matsayin da suke kira sama, ƙasa da mutum.

To me ake dubawa? Da farko ka miƙe hannu da takobin a tsaye ka ga ƙirarsa: tsawo, faɗi, inda lanƙwasar ta fi ƙarfi, girman tsini. Wannan ke gaya maka zamani, kamar yadda mai sayen bijimi ke fara buɗe baki ya duba haƙori. Takubban kafin wajen 1596 ana ce musu koto, wato tsofaffin takubba, na bayansu shinto, wato sababbi. Sai ka kwantar da shi a kan ƙyalle ka matso da ido ga jikin ƙarfen. Da yake an yi ta naɗe shi ana bugu a maƙera, sai ya fito da zane irin na jikin katako, wani a miƙe, wani a murɗe, wani lukui kamar an barbaɗa gari. Daga nan sai ka nuna tsinin wajen ƙwan fitila, ka karkata shi a hankali har wani farin layi ya taso a bakin kaifin. Shi ne hamon. Maƙeri kan shafe takobin da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a baki, ya gasa, ya tsoma a ruwa. Bakin ya riga sauran hucewa ya yi tauri, iyakar ta zauna har abada. Maƙeran Bizen sun shahara da layi mai kama da jerin kanumfari. Kanemoto na garin Seki a lardin Mino ya yi suna da wanda ke tashi uku-uku kamar kawunan itatuwa. Manyan gidajen ƙira biyar ake lissafawa, Yamashiro, Yamato, Bizen, Soshu da Mino, kuma wanda ya iya rabe su ya kama hanya.

Ni a ganina rufe sunan nan shi ne hikimar abin duka. Suna yana makantar da mutum, kuma sunan jabu ya yi yawa. Na Kotetsu, maƙerin Edo (Tokyo ta yau), an kwaikwaye shi har ya zama abin faɗa a tsakaninsu. Ga kuma tsofaffin takubba da aka rage wa tsawo daga wutsiya, sunan ya tafi tare da guntun da aka yanke. Galibin waɗanda ake jingina wa Masamune na Kamakura babu sa hannu a jikinsu. In babu mutanen da suka horar da ido, wa zai san su?

Shirun da ya ba ka mamaki dalilinsa tsatsa ne. Ɗigon yawu ɗaya in ya faɗa wa ƙarfen da aka goge masa mai don kallo, zai bar tabo, kuma ba a fitar da shi sai an kai wa mai wasa takobi, wanda kan yi kusan shekara 10 yana koyon sana'ar, ga tsada, ga shi duk wasawa tana cin jikin ƙarfen da ba ya dawowa. Shi ya sa ba a magana a kansa, ba a taɓa ruwan takobin da yatsa, ana cire agogo da zobe, ba a juya tsini wajen na kusa, ba a kaɗa shi a iska. Wutsiyar kuwa ba a kankare baƙar tsatsarta ko kaɗan, domin launinta shaidar shekaru ne. Rusunawar, a wurinsu gaisuwa ce ga maƙerin da mai takobin da ya yarda ya ba ka dukiyarsa ka riƙe. Gaskiya ne takobi yana da matsayi a addinin Shinto, ana kai shi kyauta wuraren bautarsu, amma wannan zama na karatu ne.

Akwai tarihi mai ɗaci a bayan wannan ƙauna. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, sana'ar ta durƙushe. A 1945, bayan Japan ta sha kaye, sojojin mamaya suka ba da umarnin a tattara makamai. Aka lalata takubba masu ɗimbin yawa, sojojin Amurka suka tafi gida da wasu, aka jibge wasu a rumbun Akabane a Tokyo. Masana irin su Honma Junji da Sato Kanzan suka dage cewa waɗannan kayan fasaha ne, kuma a 1948 aka kafa ƙungiyar NBTHK don adana su. Ita ke da gidan tarihin takobi da ya koma unguwar Sumida ta Tokyo a 2018, tana da rassa a lardunan ƙasar da ke shirya irin zaman da ka gani, har mujallarta ta wata-wata tana buga zanen takobi da siffofinsa masu karatu su aiko da amsa. Ita ce kuma ke tantance takubba ta ba su takarda hawa huɗu, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo, takardar da ke ɗaga farashi sosai. Akwai wata ƙungiyar da ta girme ta, NTHK, tun 1910.

Ciniki yana da nasa wurin. Kowace shekara dillalai kan haɗu a Tokyo don babbar kasuwar da ake kira Dai Token Ichi, baƙi su zo daga Turai da Amurka. A Amurka ana yin irinta a San Francisco da Chicago, inda har yau takubban da kakanni suka kawo daga yaƙi ke ɓullowa. Ingila ma tana da ƙungiyarta. A Japan doka ta ce kowane takobi sai da katin rajista daga hukumar ilimi ta lardi, kuma duk inda za a kai shi da katin ake tafiya.

A da zaman dattawa maza ne. Tun 2015, da wani wasan kwamfuta mai suna Touken Ranbu ya mayar da shahararrun takubba samari, 'yan mata suka cika gidajen tarihi, wasu kuma suka zarce har teburin kantei. Na yi murna da haka ƙwarai, domin ilimin nan hannu da hannu ake miƙa shi. In Allah Ya kai ka can, ka nemi izinin reshen ƙungiyar tun da wuri, ka gaya musu kai sabo ne. Za su haɗa ka da wanda zai nuna maka yadda ake ɗauka da ajiyewa, kuma ba dole ba ne ka cika takarda a ranar farko.